Sunan Inna Dije Ba Zai Fita Ba

Kurmin Mashi, Kaduna.
14 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Kawu Abdurrahim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rashida da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da sanyin Jamus yake tayar maka. Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta zauna sosai, kusan kullum sai an yi ruwa, har kwatar gidanmu na Doka ta sake cika irin na bara. Hajiya tana nan da ƙarfinta, bakin nan nata kuwa ko lanƙwasa bai yi ba. Shekaranjiya da na je gaishe ta, kafin in zauna ta ce na rame na koma kamar tsinken tsire, wai ko injiniyoyi ba sa cin tuwo ne. Na ce mata ai gado na yi, ta dubi hoton ɗanta na Jamus ta ga ko shi yana da ƙiba. Umma lafiyarta ƙalau, maigidana Bashir ma haka, yana fama da aikin ofis. 'Yarmu Umaima ta shiga aji uku a makarantar kurame, yanzu hannunta ya fi bakina saurin magana, kuma in ta yi fushi ba ka bukatar mai fassara.

Kawu, na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani, alhali ranar Lahadin da ta wuce muka yi kusan awa guda a waya. To dalilin ke nan. A waya kai ke magana, ni kuma in yi ta cewa to, domin a haka aka rene ni, ba na iya katse babba. Ka ajiye waya kana ganin na yarda, ni kuwa na ajiye raina a ɓace, har Bashir ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda takarda ba a katse ta. Abin da ka nema shi ne in cire sunan Inna Dije daga takardar haƙƙin ƙirƙira ta na'urarmu ta gano shawara a jikin jarirai, a bar sunana da naka, domin lauyoyin kamfanin da ka samo mana sun ce haka ya fi sauƙi. Amsata ita ce ba zan cire ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka kira Umma ka ce 'yarta ta fara taurin kai, domin ta riga ta sani.

Ba na mance cewa duk abin da na zama a wannan aiki ta hannunka ya biyo. Ina 'yar shekara takwas ka kawo mini gilashin nan mai ƙara girman abu, na ƙona wa Hajiya tabarmar sallarta da shi a tsakar gida, ta bi ni da muciya, kai kana gefe kana dariya kana cewa a bar yarinya, ta gano yadda ake tara haske. Kai ka sa na karanci aikin injiniya lokacin da kowa yake cewa in yi malanta. Duk gidanmu da kai muke tinƙaho. Shekara talatin kana ƙera idanun na'urori: wanda yake duba tsagewar kwalba a masana'anta, wanda yake ganin zafin jiki cikin duhu, da ƙaramar kyamarar nan da likitoci suke zurawa cikin mutum, wadda Hajiya har yau take cewa ita dai kada a kusanto ta da ita. Takardun ƙirƙirarka goma sha ɗaya suna nan jere a bangon falonta, kowace cikin gilashinta, ba ta iya karanta ko layi ɗaya amma kullum sai ta sa an goge su. Saboda haka ba raini ya sa na rubuto ba. Abin da ka koya mini ne nake neman in riƙe.

Bari in tuna maka yadda aikin nan ya faro, domin ina ganin nisa ya sa ka mance wasu abubuwa. Ka san Umaima ce sanadi. Shawara ta kama ta tana kwana uku a duniya, ba wanda ya lura, ni da digirina biyu ina ta cewa ai hasken fata ne ta ɗauko na dangin babanta. Kafin mu kai ta asibiti abin ya taɓa mata kunne, kuma ba zai gyaru ba. Daga nan na ɗaura niyyar yin abin da ko a ƙauye za a iya duba jariri da shi ba sai an tsira masa allura a dunduniya ba. Na kawo maka maganar, ka ce mu auna launin farin ido, domin nan ne rawaya take fara nunawa ko fata baƙa ce. Kai ka zana yadda haske zai bi, ka aiko da gilasan da suke tace launi, ni na haɗa a ɗakin aikina na nan Kurmin Mashi. Shekara biyu muka yi a kai. Da muka gwada a kan jariran da aka haifa a babban asibiti, abin ya yi kyau har ka kira ni kana kabbara.

Sai na kai na'urar wani ƙaramin asibitin unguwa a Rigasa, inda yawancin jarirai a gida ake haihuwarsu, sai bayan kwana biyu ko uku ake kawo su. Kawu, a nan ne na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Kowane jariri da aka miƙo mini, idonsa ya sha kwalli raɗau. Baƙin kwallin nan yana shanye hasken, yana zuba cikin idon, na'ura sai ta yi ta faɗin abin da ta ga dama. Na roƙi iyaye su daina sawa, ma'aikatan asibitin ma sun daɗe suna hanawa, amma kakanni suka dube ni kamar na ce a daina yi wa jariri wanka. Abin dariyar shi ne ni da kai duk an zizara mana kwallin nan muna jarirai, ni da hannuna na sa wa Umaima, amma muka shekara biyu muna lissafi ba wanda ya tuna da shi a cikinmu. Kai dai a ce shekara talatin a Turai ta sa ka mance, ni kuwa da nake zaune a Kaduna ban san uzurin da zan kawo ba.

A wannan asibitin na san Inna Dije. Ungozoma ce, ta fi shekara arba'in tana karɓar haihuwa a Rigasa, kuma ita take rako masu jego in ta ga abin da bai kwanta mata ba. Wata safiya na duba wata jaririya, na'ura ta ce lafiyarta lau, na faɗa wa uwar ta koma gida. Tsohuwar nan ta tare ƙofa ta ce ba inda za a kai yarinyar, shawara ce da ita, kuma ta yi nisa. Na ji haushi ƙwarai, har na ce mata Inna a bar wa na'ura aikinta. Ta kwance bakin zanenta ta fito da murfin kwalbar turare, irin na gilashi mai faɗin kai, ta ce a kawo ruwan zafi ta wanke shi, ta kai jaririyar bakin ƙofa inda hasken safe yake, ta buɗe mata baki ta danna gilashin a kan dasashinta. Jini ya janye, wurin ya yi fari, sai ga rawaya ta fito ta cikin gilashin ƙarara. Aka ɗebi jini aka gwada, maganarta ce ta tabbata. Da na sallami yarinyar nan, da na yi wa wata uwa abin da ya same ni. Ranar ban iya cin abinci ba.

Washegari na bi ta har gida, na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce ta koya mini. Ta ce ai ba wani abu ba ne, ido ana yi masa ado, fata kowa da irin tasa, amma dasashin jariri ba wanda yake shafa masa komai, kuma na ɗan kowa iri ɗaya ne. Ta ce ita ta gano haka da kanta, bayan wani jariri ya mutu a hannunta tana sabuwar shiga aikin. Na koma na sauya na'urar gaba ɗaya, na mai da idonta kan dasashi. Ka tuna na farkon da na yi, mai kama da cokali? Jarirai suka yi ta tsala ihu, dannawar yau daban ta gobe daban, awo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wata huɗu ina fama, kai ma ka aiko da zane har uku ba wanda ya yi. Inna Dije ta zauna tana kallona tana dariya, ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin jaririn da ya buɗe wa cokali baki da son ransa ba. Ta aika aka sayo robar bakin fida, ta karɓi reza ta yanka ƙaramar taga a samanta, ta ce in dasa gilashin a nan, in bar yaro ya tsotsa, shi da kansa zai danna daidai yadda ake so. Haka kuwa aka yi. Kawu, ka buɗe takardar da lauyoyin suka rubuta ka duba abu na farko da na biyu da muke cewa namu ne sabo. Na farko dasashi ne, na biyu robar nan ce. Gilasanka da lissafina sai a na uku suka shigo.

Yanzu wai wannan matar ce za a cire. Ka ce lauyoyi sun ce ba ta da katin shaida, ba a san ranar haihuwarta ba, ba ta iya sa hannu ba, kuma in ta rasu magada za su zo su dagula lamari. Ka ce a rubuta sunanta a wurin godiya, sannan kai da kanka za ka biya mata kujerar Makka, wai hakan ya fi mata amfani da suna a takardar da ba za ta iya karantawa ba. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kuma ban ɓoye mata ba, domin ba ni da ikon ƙin alheri a madadinta. Na je na faɗa mata komai yadda ka faɗa. Ta yi maka addu'a mai tsawo, ta ce wa zai ƙi Makka. Ta ce jariran da suka faɗo hannunta sun fi dubu, wasu yanzu da jikokinsu, ranar suna a ba ta rabonta na nama a yi mata godiya, amma in ka tare ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi sunanta, ungozoma kawai zai ce maka. Ta ce ta saba, in yi duk abin da ya fi mini sauƙi, kada in ɓata da kawuna saboda ita.

Na dawo gida ina cewa to shi ke nan, tunda ita ma ta sallama. Kwana huɗu ban ji ɗuriyarta ba. A rana ta biyar sai ga ta a ƙofar ɗakin aikina, ta hau Keke Napep tun daga Rigasa cikin ruwa, zanenta ya jiƙe sharkaf, ta miƙo mini wata 'yar takarda da ta naɗe a leda. Ashe kwana uku ta yi tana bin layi a ofishin katin ɗan ƙasa. Da suka tambaye ta shekarunta, ta ce musu ita dai tana budurwa aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, su yi lissafinsu, suka kuwa yi. Ba ta ce mini komai a kan maganarmu ba, cewa kawai ta yi ta ji an ce ba ta da kati, to ga shi, ko zai yi amfani wata rana. Kawu, kai ma ka san abin da tsohuwa take nufi in ta yi haka. Ni dai na fahimta, kuma na yi kuka a gabanta ban ji kunya ba.

Akwai maganarka guda da ta fi kowace yi mini nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Ka ce in kamfanin ya janye, na'urar da za a ƙera dubbai za ta koma 'yan ƙalilan da zan iya haɗawa da hannuna, kuma jariran da ba ta kai gare su ba alhakinsu yana wuyana. Wallahi wannan magana ta hana ni sukuni, domin kullum ina kallon Umaima. Amma na auna ta. Takardar nan rantsuwa ce cewa waɗannan su ne suka ƙirƙiri abin, ba ragi ba ƙari, kuma ni ba zan fara aikin ceton rai da rantsuwar ƙarya ba. Ban da haka, matan Rigasa ba don ni suke buɗe bakin 'ya'yansu ba, don sun ga na'urar a hannun Inna Dije ne. Ita ta tara mini ungozomomi goma sha biyu ta koya musu, da bakinta take ce musu abinmu ne. In suka ji an ci amanarta, to kamfanin ya ƙera dubu ɗari ma, a kwali za su zauna. Kamfani ba shi kaɗai ba ne a duniya, in sun tafi wani zai zo. Kafin nan na riga na yi magana da masu ƙira a Panteka, sun ce za su iya fitar mini da gidan na'urar, gilasai kuwa ina da na wata shida. Tafiyar za ta yi jinkiri, na sani, amma ba za ta tsaya ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa maka ba, ka gafarce ni in na taɓa tsohon ciwo. Shekarar da ka kawo mini gilashin nan, ba hutu kawai ka zo ba. Ina wanke-wanke a bakin rijiya kana zaune da Umma a ƙofar ɗakin Hajiya, kuna ganin yarinya ce ba ta jin komai. Na ji kana gaya mata yadda ka yi shekara uku a kan na'urarka ta farko, ranar da takarda ta fito sai ka ga sunan shugabanka da na wani da ko sau ɗaya bai taɓa shiga ɗakin gwajin ba, naka babu. Suka ce maka kai baƙo ne, takardun zamanka ba su kammala ba, sa sunanka zai kawo tsaiko, amma sun gode, har suka ba ka agogo. Ranar na fara ganin babban mutum yana hawaye. Agogon nan ba ka taɓa ɗaura shi ba, yana cikin kwabar Hajiya har yau. Kuma in ka lura, a bangon falonta, a farkon jerin takardunka, akwai ƙusa guda da ba a rataye komai a kanta ba. Sau biyu ana fentin ɗakin, mai fenti yana son cire ta tana hana shi. Duk baƙon da ya ƙirga ya ce goma sha ɗaya, sai ta ce a'a, goma sha biyu ne, ɗaya sace ta aka yi. Ban san ko ta taɓa gaya maka ba.

To Kawu, kujerar Makkan nan da ka ce, in aka ba da ita a madadin suna, agogon nan ne ya dawo da wata riga. In kana son ka kai Inna Dije Makka don Allah, ka kai ta, zan fi kowa murna, ni zan raka ta filin jirgi. Amma ba a bakin sunanta ba.

Ga takardar nan na haɗo maka cikin ambulan ɗin, Jamaluddeen ɗan maƙwabcinmu da yake komawa karatu garinku zai kawo maka hannu da hannu. Za ka ga layi uku. Na sa hannu a na biyu. Na farko nata ne, kuma maganar cewa ba ta iya sa hannu ba, ashe ba wanda ya taɓa tambayarta ne. Da na kawo tawadar dangwale ta ture ta, ta ce ita ta yi allo, a ba ta alƙalami. Ta gyara zama, ta rubuta da ajami a hankali, baƙi bayan baƙi: Khadijatu Lawal. Shekara biyu muna tare, sai ranar na san cikakken sunanta. Layi na uku naka ne, na bar shi fili, domin aikinka yana ciki kuma ba zan yi maka abin da na ƙi a yi mata ba. Lauyan da na samu a nan ya ce a ƙarshen watan gobe za mu shigar a Abuja. In ka sa hannu, a ƙarƙashin sunanta za ka sa. In ka ƙi, kai kawuna ne har gobe, ba abin da zai rage maka a wurina, amma sai dai takardar ta zauna a aljihun teburina har ka huce, domin ba za ta fita gidan nan da suna biyu ba. Ƙusa ɗaya da babu komai a kanta ta ishi zuri'armu, ba zan je Rigasa in buga wata ba.

Ka gaishe mini da Anti Rashida da kyau, ka ce mata yajin daddawar da ta ce a aiko yana cikin jakar Jamaluddeen, in dai ba a ƙwace a filin jirgi ba. A gaida Sadiq da Sa'adiya, a ce musu Hausarsu ta waya tana ba Hajiya dariya, su zo ta gyara musu ita. Umma tana gaishe ka, ta ce ba ruwanta a tsakaninmu, amma na ga ita ta ba ni ambulan ɗin. Bashir yana gaisuwa. Umaima ta ce in gaya maka tana jiran gilashin da ka yi mata alkawari, Hajiya kuma ta ce in ya iso za ta ɓoye tabarminta. Inna Dije ma ta ce a gaida Alhajin Jamus, a ce masa ta gode da niyyarsa. Allah Ya bar zumunci, Ya sa mu gana da alheri.

Wassalam. Ni ce 'yarka mai taurin kan da ta gada a wurinka,

Na'ima.